Bargon Tsumma: Labarin Matan Gee's Bend

 Yaran da aka saba miƙa wa wannan takarda su karanta wa kakanninsu, ku gyara zama, don labarin bana yana da ɗan tsawo, kuma daga nesa muka ɗauko shi.

Akwai wata magana da muke yawan ji, wai wahala ce ke fito da basira. A ce da ba a matsa wa wance ba, da ba ta koyi sana'a ba. Da mijin wance bai rasu ya bar ta da marayu ba, da ba a san tana da hannu haka ba. Wani lokaci rarrashi ake yi da maganar, wani lokaci kuma rufe bakin mai kuka ake yi da ita. Sai muka ce bari mu auna ta a kan abin da ya faru da gaske. Labarin wasu mata ne baƙar fata, jikokin bayi, a jihar Alabama ta ƙasar Amurka. Sun ɗinka barguna da tsumma don kada sanyi ya illata musu 'ya'ya, yau ga bargunan nan rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Su ma sun taɓa kafa ƙungiyar haɗin kai ta mata, shi ya sa labarin ya fi kama mu.

Ƙauyen da kogi ya kewaye

Sunan wurin Gee's Bend, wato Kwanar Gee. Kogin Alabama ne ya yi wata doguwar kwana a nan, ya kewaye ƙasar ta gefe uku, ya bar hanya ɗaya tak ta tudu. A shekarar 1816 wani Bature mai suna Joseph Gee ya zo daga jihar North Carolina da bayinsa, ya sa suka sare daji suka buɗe masa gonar auduga. A 1845 gonar ta koma hannun wani danginsu, Mark Pettway, a madadin bashi. Shekara na zagayowa ya taso da iyalinsa da bayi kimanin 100. Bayin nan da ƙafa suka yi tafiyar, ɗaruruwan mil. Har yau da yawa daga mutanen ƙauyen Pettway ake kiran su, alhali ba duka jini ya haɗa ba. Sunan ubangidan ne ya bi su.

An soke bauta a Amurka a 1865, bayan yaƙin basasa na shekara huɗu. To amma 'yancin bai zo da gona ba. Mutanen suka ci gaba da zama inda suke, suna noman ƙasar da ba tasu ba, suna biyan haya da abin da suka noma. Kafin shuka manomi zai haye kogi zuwa Camden, babban garin yankin Wilcox, ya karɓi iri da gari da kayan aiki bashi a wurin ɗan kasuwa, a kan zai biya da kaka. Ɗan kasuwar ke riƙe da littafi, shi ke sa kuɗin ruwa, shi kuma ke yi wa audugar kuɗi. Shekara ta ƙare a buga lissafi, a ce har yanzu da saura. Haka uba ke barin wa ɗa.

Ɗakunansu na gungumen itace ne, iska na shiga ta kowace tsaga. Mata kan dama kullun fulawa su liƙa tsofaffin jaridu da shafukan mujallu a bango don toshe kafofin. Da hunturu ruwa kan daskare da dare, gida kuma ga yara goma ko fiye. Kowace shimfiɗa tana bukatar bargo a kan bargo. Babu kuɗin saye, sai dai a ɗinka.

Yadda ake yin bargon

Bargon da muke magana a kai hawa uku ne. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙyallaye. Akwai shafi a ƙasa. A tsakiya a shimfiɗa auduga, sannan a bi da allura a soke duka ukun don kada audugar ta dunƙule waje ɗaya. Duk wadda ta taɓa duba lifidin dawaki da kyau ranar hawan sallah ta san irin aikin. Matan Turawa masu hali ma suna yi, amma da sabon yadi, suna bin zanen littafi, kowane ƙyalle an auna shi daidai da ɗan'uwansa.

Matan Gee's Bend ba su da sabon yadi. Abin da ke hannunsu shi ne wandon gona da ya mutu, da rigar da ta yage, da buhun fulawa ko na taki da aka wanke. Audugar ciki ragowar gona ce da sharar injin gurza, a bubbuga ta da sanda har ta tashi. In aka farke wandon jins aka baje ƙafafunsa, sai ka ga gwiwa ta koɗe ta yi fari-fari, inda aka cire aljihu kuwa shuɗin yana nan da duhunsa, don rana ba ta taɓa shi ba. Da wannan bambanci na tsufan wando matan suke tsara launi, kamar yadda mai zane ke yi da fenti.

Suna da zanukan da suka gada. Akwai wanda suke kira rufin ɗaki, gida huɗu-huɗu a cikin gida huɗu-huɗu, tun daga ƙarami a tsakiya har zuwa baki. Akwai jeren bulo. Akwai kuma wanda kowace ke kira tawa hanyar, inda za ta faro da zanen da aka sani, tana cikin tafiya ta karya shi, ta jefa jan ƙyalle inda ba a zata ba. Yarinya tun tana 'yar shekara goma sha take haɗa bargonta na fari a gaban uwarta ko gwaggonta. Haɗa fuska aikin mace ɗaya ne. Sukar hawa ukun kuwa gayya ake yi bayan an gama tsinkar auduga: yau gidan wance, gobe gidan wance, ana ɗinki ana waƙoƙin coci.

Wasu masana sun ce wannan jera dogayen ƙyallaye gefe da gefe gado ne daga Afirka ta Yamma, suna kwatanta shi da yadda masaƙanmu ke saƙa zane siri-siri a haɗa a yi gwado ko luru. Wasu kuma sun ce ƙafar wando ce ta zo a doguwa, dole a jera ta haka. Har yanzu ba su daidaita ba.

Ga labarin bargo ɗaya. Wata mata mai suna Missouri Pettway mijinta Nathaniel ya rasu bayan doguwar jinya. A 1942 ta tattara kayan da yake zuwa gona da su, ta farke, ta haɗa bargo. 'Yarta Arlonzia, wadda ta taya ta farkewar, ta ba da labari daga baya cewa uwar ta ce za ta yi ne don ta riƙa tuna shi, ta lulluɓa da shi saboda ƙauna. Bargon yana nan har yau, da tabon ƙasar gona a gwiwoyin wandunan. Allah sarki. Duk wadda ta taɓa ajiye rigar mamaci a ƙasan akwati ta san abin da matar nan take ji.

Shekarar da aka kwashe komai

A 1929 tattalin arzikin duniya ya karye. Nan ƙasar Hausa ma kakanninmu sun ji a jikinsu, don farashin gyaɗa da auduga ya faɗi, haraji kuwa yana nan. A Alabama auduga ta faɗo har wajen sent 5 kowace laba. Ɗan kasuwar Camden da mutanen Gee's Bend ke ci bashi a wurinsa ya rasu a 1932, magadansa suka ce a biya su yanzu-yanzu. Da kakar shekarar aka turo mutane da kekunan doki, suka bi gida-gida, iyalai fiye da 60. Suka kwashe alfadarai da shanu da kaji, da garemani, da masara, har da dankalin da aka tona. Hunturun nan da 'ya'yan itacen daji aka rayu, da garin da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta kawo.

Labarin yunwar ya kai ga gwamnatin tarayya, lokacin mulkin Shugaba Roosevelt. A 1937 aka turo wani mai ɗaukar hoto, Arthur Rothstein, hotunansa suka nuna wa Amurka ɗakunan nan masu bangon jarida. Gwamnati ta sayi ƙasar, ta kafa ƙungiyar haɗin kai ta manoma, da kanti da injin gurzar auduga da makaranta da ɗakin shan magani, ta gina sababbin gidaje. A cikin shekarun 1940 aka sayar wa iyalan gonakin, biya a hankali.

Mu lura da wannan wuri da kyau, 'yan uwa. A wancan zamani miliyoyin baƙar fata na kudu sun bar gonakin haya sun tafi biranen arewa neman aiki, iyalai suka warwatse. Na Gee's Bend da yawa sun zauna, saboda ƙasar ta zama tasu. Shi ya sa sarƙar ba ta tsinke ba, kaka ta koya wa uwa, uwa ta koya wa 'ya, a ƙauye ɗaya. Sauƙin da aka samu ne ya tsare sana'ar. Da abin da aka yi musu a 1932 ya ɗore, da watsewa za su yi, da ba mu ji labarin bargon kowa ba.

Jirgin fito da ƙuri'a

Mallakar gona ta ba su bakin magana, don mai noma ƙasarsa ba a yi masa barazanar kora. A wancan lokaci jihohin kudu suna da dokokin wariyar launin fata, kuma an toshe wa baƙar fata hanyar zaɓe da jarrabawar karatu da harajin ƙuri'a da tsoratarwa. A lokacin fiye da kashi uku cikin huɗu na mutanen Wilcox baƙar fata ne, amma har farkon 1965 babu ko ɗaya da sunansa ke cikin rajistar masu zaɓe.

Ofishin rajistar yana Camden, hayin kogi, ana zuwa da jirgin fito. Da mutanen Gee's Bend suka fara motsi, sai aka dakatar da jirgin a 1962. Tafiyar 'yan mintuna ta koma zagaye na wajen mil 40, ga shi motoci ƙalilan ne a ƙauyen. Likita yana Camden, kasuwa tana Camden. An ruwaito shugaban 'yan sandan yankin yana cewa wai ba don su baƙaƙe ne aka rufe ba, don sun manta su baƙaƙe ne. Shekara 44 aka yi babu jirgin.

A watan Fabrairu na 1965 Martin Luther King ya zo ƙauyen ya yi jawabi a cocinsu. Mata da maza suka fita zanga-zanga a Camden da Selma, aka watsa musu barkonon tsohuwa, aka kulle wasu. A watan Agusta na shekarar aka sa hannu kan dokar 'yancin zaɓe. Da aka kashe King a 1968, alfadarai biyu daga Gee's Bend ne suka ja keken da ya ɗauki gawarsa a birnin Atlanta.

Sai dai ƙuri'ar ta zo da tsada. A faɗin yankin, waɗanda ke zaman haya aka kore su daga gonaki saboda sun yi rajista, wasu aka sallame su daga aiki, wasu aka hana su bashi. Wani limamin coci Bature mai suna Francis Walter yana yawo yana rubuta irin waɗannan koke-koke. A watan Disamba na 1965 ya hangi barguna an shanya a igiya a ƙofar wani gida, ya tsaya yana kallo. Ya fara saye dala 10 kowanne, yana aikawa New York ana gwanjonsu, ana dawo wa matan da kuɗin.

Matan suka ga abin ya fi ƙarfin gwanjo. A watan Maris na 1966 mata fiye da 60 daga Gee's Bend da ƙauyukan kusa suka taru a wani coci a Camden, suka kafa ƙungiyar haɗin kai mai suna Freedom Quilting Bee, wato gayyar ɗinki ta 'yanci. Estelle Witherspoon ta riƙe musu harkar yau da kullum shekara da shekaru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suka samu ciniki da babban kantin Bloomingdale's na New York. A 1969 suka gina ɗakin ɗinki nasu na kansu, suka sa masa sunan King, daga baya suka buɗe wurin renon yara don uwa ta samu zaman aiki. Suka sayi fili, suka yanka wa wasu iyalan da aka kora. Matan da ba su taɓa riƙe albashi ba suka jawo ruwan famfo cikin gida, suka tura 'ya'ya makarantun gaba.

Abin da kasuwa ta bayar da abin da ta karɓe

Kasuwa tana da nata sharaɗi. Manyan kantuna suna son kowane bargo ya zo daidai da na jiya, awo ɗaya, zane ɗaya, ɗinki ƙanana a miƙe. Matan da hannunsu ya saba da tawa hanyar, wasunsu aka ƙi karɓar aikinsu, wai layinsu ya karkace. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wadda ta taɓa ɗinka wa dillali hula ko zanen gado.

A 1972 ƙungiyar ta samu kwangila da kamfanin Sears, ta ɗinka rigunan matashin kai da wani yadi mai kauri mai layi-layi, mai laushi kamar karan-miski. Aikin kansa maimaici ne, yau da gobe abu ɗaya. Amma ragowar ƙyallayen da ke zuba ƙasa matan kan kwashe su kai gida, su raba wa 'yan uwa da maƙwabta. Karon farko ke nan da sabon yadi mai launi ya wadata a ƙauyen: ja, ruwan zinariya, kore, ruwan ƙasa. Me ya faru? Cikin 'yan shekaru suka fito da wani sabon salo gaba ɗaya, manyan layuka masu ƙarfin launi, waɗanda yau ake lissafa su cikin mafi kyawun abin da suka yi. Ashe idon yana nan tun da can, kayan aiki ne babu.

Daga baya barguna masu araha na ƙasashen waje suka cika kasuwa, matan farko suka tsufa, matasa suka tafi birni. Ƙungiyar ta yi ta ja da baya har aka rufe ta a 2012, bayan shekara 46. A cikin gidaje ma ɗinkin ya ragu, don ɗakuna sun samu ɗumi, bukatar bargo goma ta kau. Wannan gaskiya ce da ba za mu ɓoye ba: da sanyi ya tafi, allura ta so ta kwanta.

Daga ƙarƙashin gado zuwa bango

A ƙarshen shekarun 1990 wani mai tara kayan fasaha daga Atlanta, William Arnett, ya ga hoton wata mata, Annie Mae Young, tsaye kusa da bargonta da ta shimfiɗa a kan tarin itace. Ya yi ta nema har ya gano gidanta. Ta ce masa tana jin ta ƙone shi, don satin da ya wuce ta ƙona wasu tsofaffin barguna, hayaƙin auduga yana korar sauro. Washegari aka lalubo shi a cikin gida. Ta ce ya ɗauka kyauta, ya ƙi, ya biya ta. Daga nan ya bi gidaje ya sayi ɗaruruwa.

A 2002 aka baje barguna 70 a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su gidan Whitney a New York. Mai sharhin fasaha na jaridar New York Times ya sa su cikin mafi ban al'ajabin ayyukan fasahar zamani da Amurka ta taɓa fitarwa. Aka riƙa kwatanta su da zanen shahararrun masu zane na Turai. Matan suka hau mota suka je suka ga tsummansu a bango, da sunansu a rubuce a gefe. A 2003 suka kafa sabuwar ƙungiya ta sayar da aikinsu. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki guda 10 da hotunan bargunan, a shekarar kuma jirgin fito ya dawo aiki. A 2015 Mary Lee Bendolph da Lucy Mingo da Loretta Pettway suka karɓi lambar girma mafi girma da gwamnatin Amurka ke ba masu fasahar gargajiya. A 2018, da aka buɗe zanen hoton Michelle Obama, mai zanen, Amy Sherald, ta ce rigar da ke jikinta ta tuna mata da bargunan Gee's Bend.

To, suna ya fita, kuɗi fa? Zanen bargunan ya hau kan darduma da zannuwan gado da kayan kwalliyar ɗaki da kamfanoni ke sayarwa. A 2007 wasu daga cikin matan, har da Annie Mae Young da Loretta Pettway, suka kai Arnett da iyalinsa ƙara kotu, suna cewa ba a ba su haƙƙinsu ba. Su kuma suka musanta, wasu matan ƙauyen ma suka tsaya musu. A 2008 aka rufe shari'ar ba tare da an bayyana yadda aka ƙare ba. Ba mu ne za mu yanke hukunci daga nan ba. Abin da ya fito fili shi ne, da yawa an sayi aikinsu tun ba su san darajarsa ba, ba su kuma san cewa zanen kansa dukiya ce dabam da bargon ba. Tsoron kowa shi ne kada a yi kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. A 'yan shekarun nan an taimaka wa da yawa sun yi rajistar haƙƙin mallakar zanensu, wasu kuma suna sayarwa kai tsaye ta intanet. Duk da haka yankin Wilcox yana cikin mafi talauci a Amurka har yau.

Mu koma kan maganarmu

Shin wahala ce ta fito da basirar matan nan? Akwai abin da ba za a musa ba. Sanyi ne ya sa aka ɗauki allura. Talauci ne ya zaɓi ƙyallen. Kogi da rufe jirgi suka killace su, salonsu bai gauraya da na littafi ba. Mutuwar miji ce ta sa Missouri Pettway ta farke wanduna. Zaluncin yana cikin bargunan, ana ganinsa da ido.

Amma a kudancin ƙasar nan akwai dubban ƙauyuka da suka sha irin wannan wuya, ba kowanne ya bar abin rataya a bango ba. Inda aka bari ma, nawa ne suka ruɓe, nawa aka ƙone don sauro? Loretta Pettway, wadda yau ake jinjina wa, ta faɗa da bakinta cewa ba ta son ɗinki tana yarinya, dole ce ta sa ta, ga aikin gona ga renon ƙanne. Mary Lee Bendolph tana 'yar shekara 14 karatunta ya tsaya. Wa ya san abin da za ta zama da ta ci gaba? Da hankalinta ya kwanta a shekarun tsufa, aka fara biyan ta, sai ta shiga ɗinka sababbin barguna ba ƙaƙƙautawa, har ta je California ta koyi buga zanenta a takarda. Sau uku muka ga abu ɗaya a labarin nan: da aka samu gona sana'ar ta tsira, da aka samu sabon yadi ta yi sabon fure, da aka samu daraja da ciniki ta farfaɗo bayan ta kusa mutuwa. Kowane karo sassauci ne ya ɗaga ta.

Saboda haka mu a ganinmu basira baiwa ce da ke tare da mutum, a ƙunci ko a yalwa. Zalunci yana matse ta ne, ta fita ta 'yar kafar da ta rage. Abin da ya fito ta kafar yakan yi kyau har ya ba da mamaki, amma yabon na mai hannun ne. Wanda ya kwashe alfadarai a 1932 da wanda ya ɗaure jirgi a 1962 ba su da ko zare ɗaya a ciki. In an ce wa mace ta gode wa wahalarta don ita ta koya mata sana'a, a tambaya tukuna: wa ya ɗora mata wahalar, kuma wa ke cin ribar sana'ar?

Mu ma akwai abin ɗauka. A cikin gidajenmu akwai hannuwa irin waɗannan: mai ɗinkin hula da ke ƙirƙiro zanen da babu shi a kasuwa, mai saƙar faifai da tabarma, mai zanen ƙwarya, mai kitso da lalle. Sau da yawa aikin yana fita ta hannun yaro ko dillaliya, ya isa inda za shi ba tare da sunan mai shi ba. Matan Gee's Bend sun yi fiye da shekara ɗari ba a san sunan ko ɗayarsu ba a wajen ƙauyen. Abin da ya canza musu rayuwa tun kafin 'yan kallo su zo shi ne taron nan na Maris 1966, da littafin lissafi da yake hannunsu, da filin da suka saya da sunansu. Mu san kuɗin aikinmu kafin mu sallama, mu rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai, sabon zane kuma a san wadda ta fito da shi.

Ku kuma yaran da kuka karanta wa kakanninku wannan, kada ku tashi tukuna. Ku tambaye su abin da suka yi da hannunsu a shekarun da babu, da wadda ta koya musu. Ku rubuta sunan da shekarar. In akwai wani tsohon aiki a ƙasan gado ko cikin adaka, a fito da shi a kakkaɓe, a kawo mana mu gani ranar taro. Allah ya bar zumunci, ya maimaita mana.